Maganin Rage Fitsari: Ƙwaya Ko Feshin Hanci?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 8, kuma har yanzu yana fitsarin kwance kusan kullum. An ba ni labarin wani magani mai suna desmofuresin, wanda ake samu a ƙwaya da kuma feshin hanci. Wanne ya kamata in saya?

Amsa: Malama, ƙwayar ce ta dace da yaronki, amma sai bayan likita ya duba shi ya kuma gwada fitsarinsa, domin ciwon suga da ciwon mafitsara da taurin bahaya duk suna iya jawo fitsarin kwance, kuma wannan magani ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Jikin mutum yana da wani sinadari da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ke umartar ƙoda ta mayar da ruwa cikin jini maimakon ta zubar da shi, kuma yakan ƙaru da dare. Desmofuresin, wanda za ki gani a kwali da sunan Minirin ko DDAVP, kwaikwayon wannan sinadari ne da aka haɗa. Amfaninsa da haɗarinsa duk daga wuri ɗaya suke fitowa. Idan yaro ya sha maganin sannan ya ɗirki ruwa, ruwan ba zai sami hanyar fita ba, sai ya tsinka gishirin da ke cikin jini, abin da kan fara da ciwon kai da tashin zuciya, ya iya kaiwa ga jijjiga da suma. Saboda irin haka ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin amfani da feshin hanci wajen maganin fitsarin kwance a shekarar 2007. Ga shi kuma mura kaɗai tana iya sauya yawan maganin da ke shiga jiki ta hanci.

Likita yakan fara da miligiram 0.2 lokacin kwanciya. Dokar da nake roƙon ki riƙe da muhimmanci ita ce a taƙaita shan ruwa daga sa'a 1 kafin shan ƙwayar har zuwa sa'a 8 bayanta, a kuma dakatar da ita duk ranar da yaron ke amai ko gudawa. Kada ki haɗa masa da ibufurofen, maganin ciwon jiki da zazzaɓi, ba da sanin likita ba. Bayan wata 3 akan tsaya na mako guda a ga ko ya daina da kansa. A ganina, idan kina da haƙurin tashi da dare, ƙararrawar fitsarin kwance, wato na'urar da ke yin ƙara ta tashi yaro da zarar ta ji lemar fitsari, ta cancanci kuɗinki, domin tana ɗaukar makonni kafin ta yi aiki, amma yaran da suka daina ta hanyarta ba su cika komawa ba kamar waɗanda suka bar ƙwaya.

Tambaya: Ina fama da yawan fitsari da ƙishirwa dare da rana, an gwada suga ba a samu ba. In sayi wannan magani in gwada?

Amsa: Malam, kada ka gwada. Alamun da ka faɗa suna iya fitowa daga abubuwa uku: ko jikinka ba ya samar da sinadarin, ko yana samarwa amma ƙoda ba ta jin umarninsa, ko kuma yawan shan ruwan ne da kansa ke jawo fitsarin. A na farko maganin yana aiki sosai, kuma a nan feshin hanci ma yana da gurbinsa. A na biyu ba ya taɓuka abin kirki, a na uku kuwa yana iya jefa ka cikin haɗari. Ka nemi a auna yawan fitsarinka na sa'a 24 da gishirin jininka a asibiti, musamman idan ka haura shekara 65 ko kana da ciwon zuciya ko na ƙoda.