Kuskuren bugu ne ko lalacewa a hannun mutane?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsabar kuɗi ta ƙarfe wadda gefenta ya gutsure, ga wani layi a fuskarta, kana son sanin ko daga masana'antar buga kuɗi ta fito haka.

Fara da layin. Ɗauki gilashin ƙara girma ka duba: ya taso ne ko ya nutse? Idan hatimin ƙarfen da ake buga tsabar da shi ya tsage, ƙarfe yakan shige cikin tsagar, sai layin ya fito a tashe, sumul. Ƙarzuwa kuwa nutsewa take yi, kuma za ka ga ƙarfe ya ɗan taru a bakinta kamar kunyar gona. Wannan bambancin kaɗai yakan warware yawancin gardama.

Gutsurewar ta fi wuya. In tun kafin bugu faifan ƙarfen da za a mayar tsaba ya rasa wani yanki, bakin tsabar da ke fuskantar wurin ta ɗaya ɓangaren yakan fito da rauni, rubutun kusa da giɓin kuma ya dusashe a hankali. In yanka aka yi daga baya, bakin yana da kaifi, kuma zanen ya katse farat ɗaya.

Wata alamar kuskuren bugu ita ce maimaituwa: rubutu mai ninki biyu na gaske, irin na tsabar senti ɗaya ta Amurka ta 1955, yakan maimaitu iri ɗaya a kan duk tsabar da hatimin ya buga. Lalacewa ba ta yin tagwaye.

Don Allah kada ka goge ta, ko da da tsumma ne. Aiko mana da hoton fuskokin biyu da na gefen.