Ta yaya masu fim suka san na sauke fim ɗinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sauke wani fim ta torrent, bayan kwana uku sai kamfanin da ke ba ni intanet ya turo min gargaɗi, har da sunan fim ɗin da lokacin da na sauke shi. Wa ya faɗa musu? Kuma doka ta ba masu fim ikon bin mutum har haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ba wanda ya kai tsegumi, torrent ɗin ne da kansa ya tona maka asiri. Ba daga rumbu ɗaya kake ɗebo fim ɗin ba, gutsure-gutsure kake karɓa daga kwamfutocin mutane, kuma duk gutsuren da ya shigo, manhajar torrent ɗin tana miƙa wa wasu nan take. Wato kana saukewa kana rabawa, rabawar nan kuwa ita doka ta fi kamawa. Ka buɗe manhajar ka duba jerin masu musayar, za ka ga lambobin IP, wato lambar da ake gane kowane layin intanet da ita, reras, wasu har da 'yar tutar ƙasa a gefe. Taka ma haka take fitowa a allon kowa. Masu fim sukan ɗauki wasu kamfanoni aiki, su shiga cikin taron kamar kowa, suna rubuta lamba da rana da minti.

Amma lamba ba suna ba ce. Kamfanin intanet kaɗai ya san wanda ke riƙe da ita a wannan mintin, shi ya sa dokokin suka fi bi ta kansa. Ba ka faɗi ƙasar da kake ba, kuma kowace da nata tsarin.

A Amurka, dokar haƙƙin mallaka da ake kira DMCA ta 1998 ta kare shafuka da kamfanonin intanet daga ɗaukar laifin masu hulɗa da su, amma da sharaɗi. Shafin da aka ɗora wa kayan sata sai ya cire da zarar mai haƙƙi ya aiko da takarda, kamfanin intanet kuma sai yana da tsarin yanke wa masu maimaita laifi layi. Saƙo irin naka yawanci daga nan yake fitowa: sun miƙo maka ƙorafin ne, ba lallai sun ba da sunanka ba, don wannan yakan bi ta kotu. Idan aka je kotun fa, diyya ta kama daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowane fim ko waƙa, tana iya kaiwa 150,000 in da gangan ne. A 2007 an ci wata mata a Minnesota dala 222,000 kan waƙoƙi 24. A ganina an wuce gona da iri, kuma su kansu kamfanonin waƙar sun daina shigar da ƙarar jama'a rututu a ƙarshen 2008.

Faransa ta kafa hukumar Hadopi mai yaƙi da satar fasaha a intanet a 2009, wadda aka narkar cikin Arcom, hukumar kula da kafafen watsa labarai, a 2022: gargaɗi ta imel tukuna, sai wasiƙa, sai a miƙa wa mai gabatar da ƙara. Abin lura, laifin a can shi ne sakaci da layinka, ko da ɗanka ko maƙwabci ne ya yi aika-aikar. Tara tana iya kaiwa Yuro 1,500. Ingila kuwa ta fi karkata ga toshe shafukan, kamar yadda kotu ta sa aka toshe The Pirate Bay, wani shahararren shafin torrent, a 2012.

Kai dai yanzu ka cire fim ɗin daga manhajar, don muddin yana ciki kuma tana kunne, rabawa take yi ko kana barci. Ka canja kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka. Idan kuma wata takarda ta biyo baya tana neman kuɗin sasanci, kada ka biya, kada ka amsa laifi a rubuce, sai lauya ya gani, don 'yan damfara ma suna kwaikwayon irin waɗannan takardun.