Dasashina yana jini idan na goge baki, ko aswaki kaɗai ya wadatar?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas, a Agege nake zaune. Kullum da asuba ina yin aswaki, amma duk ranar da na sa buroshi sai in ga jini a kumfar da na tofar, shi ya sa na ajiye shi. Ina cin goro, ina kuma shan shayi sau da yawa a wuni. Shin aswakin kaɗai ya wadatar?

Amsa: Malam, ajiye buroshin da ka yi shi ne ya fi damuna, domin galibi ba buroshi ne yake jawo jinin ba, dasashin ne ya riga ya kumbura. Akwai wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, da take taruwa kullum a daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, kuma idan ba a cire ta ba sai dasashin ya yi ja, ya yi laushi, ya riƙa jini da an ɗan taɓa shi. In ta daɗe takan daskare ta yi tauri, ta yadda aswaki ko buroshi ba za su iya kankare ta ba, sai kayan aikin likita. Daga nan ne ƙashin da yake riƙe da haƙori yake fara zaizayewa, har haƙorin da ko kogo bai yi ba ya kama girgiɗa.

Saboda haka ka koma ga buroshi, amma mai laushi, ka karkata shi zuwa gefen dasashi kana zagayawa a hankali, ba dirza da ƙarfi ba, na tsawon minti 2, sau 2 a rana. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa lokacin barci, kuma shi ne yake wanke baki yana rage kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta suke fitarwa. Na san mai fita tun duhun asuba ya dawo a gajiye bayan cunkoson hanyar Ikorodu gado kawai yake nema, amma wannan ne gogewar da bai kamata ta wuce ka ba. Ka duba jikin man goge bakin ka tabbatar yana da sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori, kuma idan ka gama ka tofar kawai, kada ka kurkure da ruwa nan take, domin sinadarin ya zauna a kan haƙora. Buroshi kuwa a sauya shi duk wata 3.

Aswaki abu ne mai kyau, ban ce ka bari ba. Sai dai ba ya ba da fuloraid kamar man goge baki, yana kuma da wuya ya kai bayan turame da tsakanin haƙora, inda zaren sakace ya fi tsinke aiki. Dirza da gawayi ko toka kuwa ka guje masa, domin yana cinye rufin haƙori, wanda ba ya sake tsirowa.

Game da shayi, yawan lokutan da sukari yake shiga baki ya fi yawansa a kofi ɗaya ɓarna, domin kowace kurɓa tana ba ƙwayoyin cuta damar sake fitar da tsami. Ka haɗa shi da lokacin cin abinci, ka rage sukarin, ka bi shi da ruwa. Goro yana rina haƙora, don haka ka kurkure baki bayan ka ci. Taba, ta sha ko ta gari, ita ce ta fi cutar da dasashi.

Idan ka yi mako 2 kana gogewa yadda ya kamata jinin bai tsaya ba, ko ka ga ruwan ƙurji, ko warin baki ya ƙi tafiya, ka je sashen haƙori na asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai, a wanke maka haƙoran. Ka nemi a auna maka sukarin jini, domin ciwon sukari yana tsananta ciwon dasashi.