Tafiyar ƙafa da kallon namun daji a Kwazazzabon Carnarvon

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Birisben na ƙasar Ostiraliya, kuma mu huɗu ne muke shirin zuwa Kwazazzabon Carnarvon a hutu mai zuwa. Babu wanda ya taɓa doguwar tafiyar daji a cikinmu, iyakacinmu Yankari, inda aka zagaya da mu a mota. Wane lokaci ne ya fi dacewa, kwana nawa za su ishe mu, kuma yaya za mu yi mu ga dabbobin da ake ba da labari, musamman falatifus, dabbar nan ta ruwa mai baki irin na agwagwa? Shin akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da za ku fara cirewa daga ranku shi ne tsarin Yankari, domin a Carnarvon babu motar da za ta kai ku gaban dabba, kuma ba dole ba ne a haɗa ku da ɗan rakiya. Mota tana tsayawa a bakin kwazazzabon, daga nan sai ƙafa. Gandun dajin yana tsakiyar jihar Kwinsland, kimanin kilomita 720 daga Birisben, an keɓe shi tun 1932, kuma kwazazzabon kansa ya kai kusan kilomita 30 a tsayi, rafi ne ya yanka shi cikin farin dutsen yashi a tsawon miliyoyin shekaru. Za ku bi ta garuruwan Roma da Injune, kuma a Injune za ku cika tanki, saboda daga nan babu gidan mai abin dogaro sai Rolleston da ke arewa. Ku tsara tafiyar yadda za ku isa da sauran rana, don da almuru kangaru da shanu suna fitowa kan titi, kuma a nan ne matafiya da yawa suke lalata mota.

Game da lokaci, kun riga kun san yanayin can ya saɓa da na gida. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi yana iya wuce digiri 40, kuma a lokacin ne ruwan sama mai ƙarfi yake cika rafin har ya datse hanya. Lokacin da ya dace shi ne daga Afrilu zuwa Satumba, sai dai a Yuni da Yuli dare yana yin sanyin da raɓa take daskarewa, don haka ku tafi da bargo mai kauri da rigunan sanyi. Sansanin gwamnati da ke bakin kwazazzabon ba ya buɗewa sai a hutun makarantun jihar na Ista, da na Yuni zuwa Yuli, da na Satumba zuwa Oktoba, kuma sai an kama wuri tun da wuri ta intanet. A sauran lokuta akwai masaukai na 'yan kasuwa a wajen iyakar gandun.

Kwana uku cikakku nake ba ku shawara, ban da ranar zuwa da ranar dawowa. Babbar hanyar tana bin rafin har zuwa wurin da ake kira Big Bend, kilomita 9.7 a zuwa kaɗai, kuma tana tsallaka ruwan sau da yawa a kan duwatsun da aka jera. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, abin da ke gajiyar da mutum shi ne ratse zuwa ƙananan kwazazzabai na gefe, waɗanda kuma su ne ainihin abin kallon. Ga sababbi irinku, iyakarku ta zama wurin zanen dutse da ake kira Art Gallery, wato kilomita 10.8 zuwa da dawowa kafin a lissafa ratse. Ku tafi can kai tsaye da sanyin safiya, sannan ku riƙa ratsewa a hanyar dawowa gwargwadon ƙarfin da ya rage muku. Wanda ya fara da ratse yakan tarar rana ta yi masa nisa a wurin da ya fi nesa da mota.

Art Gallery bangon dutse ne mai tsawon mita 62, ɗauke da zane sama da 2,000 na kakannin al'ummomin Bidjara da Karingbal, waɗanda su ne masu ƙasar tun asali. Da yawa daga cikin zanen an yi shi ne ta hanyar ɗora hannu ko makami a jikin dutse a fesa jar ƙasa da baki, sai siffar ta fito, har ana iya bambanta tafin babba da na yaro. Wurin yana da daraja a wajen jikokinsu har yau, ba a taɓa bangon, ba a sauka daga dandamalin katako. A 2018 gobarar daji ta kama dandamalin da ke kogon Baloon, wani wurin zane a gandun, zafinta ya lalata yawancin zanen da ke wurin, abin da ba zai taɓa dawowa ba. A hanyar dawowa ku shiga Ward's Canyon, inda sanyi ke bugun fuska tun daga ƙofa, da Amphitheatre, wani rami mai zurfin mita 60 da ake shiga ta tsani da 'yar siririyar tsaga, sai Moss Garden, inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse ko da an daɗe ba a yi ruwan sama ba. Dalili shi ne dutsen yashi yana shan ruwa ya riƙe, ruwan yana gangarawa a hankali har ya tarar da shimfiɗar dutsen da ba ya ratsuwa, sai ya ɓullo ta gefe. Wannan ne ya sa rafin ba ya ƙafewa a ƙasar da ke kewaye da fari, kuma shi ne ya tara dabbobin a nan.

Kuskuren da yawancin baƙi suke yi shi ne zaton cewa yawan nisa shi ne yawan gani. Da tsakar rana, lokacin da kuke tsakiyar tafiya, dabbobin suna kwance a inuwa. Kallo na asuba ne da na almuru, kuma mafi yawansa a kusa da masauki yake. Kangaru da ƙaramin ɗan'uwansa walabi suna kiwo a filin da ke gaban ofishin baƙi, ba sai an neme su ba. Falatifus kuwa sai da haƙuri. Bayan kun idar da sallar asuba, ku bi gajeriyar hanyar Nature Trail, kilomita ɗaya da rabi, ku nemi gurbin da ruwa ya kwanta, ku zauna nesa kaɗan da gaɓa, ku yi shiru. Kada ku nemi dabbar da ido, ku nemi zoben da ke bazuwa a kan ruwa da ƙananan kumfa. Za ta taso ta yi lamo na 'yan daƙiƙu tana tauna abin da ta kwaso, sannan ta lanƙwasa baya ta nutse. Lokacin da take ƙasa ne za ku gyara zama, domin a cikin ruwa tana rufe ido da kunne, da bakinta mai kama da na agwagwa take gano tsutsa da ƙwari. Ba ta kai girman da mutane suke zato ba, tsawonta bai cika wuce rabin mita ba. Tana yin ƙwai amma tana shayarwa, kuma namijin yana da ƙaya mai dafi a ƙafar baya, saboda haka ko an tsince shi a gaɓa ba a ɗauka.

Da dare ku fita da tocila, zai fi kyau mai jan haske, ku duba saman itatuwan turare. Akwai wata dabba mai fata tsakanin hannu da ƙafa da take shawagi daga itace zuwa itace, tana tsaga ɓawo ta lashi ruwan da ke fita, kuma sau da yawa kukanta mai ƙara ake fara ji kafin a gan ta. Tsuntsaye kuwa an ƙirga sama da iri 170. Wasu cikinsu sun saba da mutane har suna fizge abinci daga hannu, kuma ciyar da su laifi ne a dokar gandun.

Batun haɗari, babu zaki, babu giwa, babu kada a wannan yanki. Abin tsoron shi ne ƙishirwa, da santsin duwatsun tsallaka rafi, da maciji. Kowa ya ɗauki aƙalla lita 3 na ruwa a ranar doguwar tafiya, ruwan rafi kuma sai an tafasa ko an tace. Ku sa takalmi rufaffe da dogon wando. Idan maciji ya sari wani, ku manta da abin da aka saba a gida na tsagawa da tsotsa da ɗaure igiya. Dafin macizan Ostiraliya yana tafiya ne da motsin gaɓa, saboda haka ana naɗe ƙafar ko hannun gaba ɗaya da bandeji mai faɗi, a ɗaura sanda don kada ya lanƙwashe, a kwantar da mutum, kuma ba a wanke wurin, saboda likitoci suna iya amfani da ragowar dafin wajen gane irin macijin. Lambar gaggawa ita ce 000, amma sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin kwazazzabon, shi ya sa ya kamata ku yi hayar na'urar neman agaji ta tauraron ɗan'adam, ku kuma sanar da wani a Birisben ranar da za ku dawo. Wanka a gurbin da ake kira Rock Pool kaɗai aka yarda da shi, kuma ba a sa sabulu a rafin. Don alwala, ku ɗebi ruwa a gora ku koma gefe.

Wataƙila za ku ci karo da labarin Carnarvon Great Walk, zagayen kilomita 87 da ake yi cikin kwana shida ko bakwai, wanda ake rufewa daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Wannan ba naku ba ne a karon farko, don yana buƙatar iya karanta taswira da ɗaukar kayan mako guda a baya. Idan kuna son gwada ƙarfinku, ku hau dutsen Boolimba Bluff a rana ta uku, kilomita 6.4 zuwa da dawowa, mai matakala da tsani masu tsayi, kuma ku fara hawan tun kafin rana ta ɗaga.