An tsinci gawar direbansa, shi kuma maigida na hannun 'yan bindiga har yanzu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne. 'Yan bindiga sun tare su a hanyar dawowa daga kasuwar ƙauye, suka shige daji da shi da direbansa. Washegari suka kira ƙaninsa da wayar maigidan, aka ji muryarsa, suka yanka kuɗin fansa. A kwana na huɗu manoma suka tsinci gawar direban a bakin daji da harbin bindiga. Tun daga nan sau ɗaya aka kira, da wata lamba daban, aka ce a kawo kuɗi cikin kwana biyu, amma an hana mu jin muryarsa. Gida ya rabu biyu: wasu na cewa a sayar da gona a kai kuɗin yau, wasu na cewa in haƙura in shiga takaba. Barci ya ƙaurace mini. Kashe direban yana nufin shi ma sun kashe shi? Me za mu yi?
Wata mai karatu, jihar Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan direban, Ya kuɓutar da maigida lafiya. A'a, gawar direban ba hujja ba ce a kan maigidanki. Abin da ta tabbatar shi ne mutanen nan suna kisa. Ba ta faɗi ko yana raye ba, kuma duka ɓangarorin gidanku biyu suna gaggawar yanke hukunci a kan abin da ba wanda ya gani.

An sha kashe wasu a cikin waɗanda aka kama, sauran su dawo gida. A harin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, ranar 28 ga Maris 2022, an kashe fasinjoji a wurin, aka tafi da fiye da 60, kuma rukunin ƙarshe na mutum 23 sai a watan Oktoba suka fito, bayan sama da wata shida. A jami'ar Greenfield ta Kaduna a Afrilun 2021 an kashe ɗalibai biyar ana tsakiyar ciniki, amma sauran sun fito a ƙarshen Mayu. Wanda ke neman kuɗi yana da dalilin barin wanda yake sa ran za a biya dominsa da rai. Abin takaici, direba ko yaron shago shi ne wanda suke ganin ba mai biya masa, shi ya sa sau da yawa a kansa ake nuna barazana.

Aikin farko shi ne ku san yaushe direban ya rasu. Ko an riga an binne shi, waɗanda suka ɗauko gawar da waɗanda suka yi masa wanka suna nan, wataƙila wani ya ɗauki hoto. A tambaye su cikin ladabi. Gawa tana sandarewa cikin sa'o'i kaɗan, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, a yanayin zafi irin namu kuma ta fara kumbura da wari cikin kwana biyu zuwa uku. In a kumbure aka same shi, alama ce tun farkon tafiya aka kashe shi: ko ya yi yunƙurin gudu, ko ya kasa tafiya, ko ya gane wani. Ke nan mai yiwuwa an kashe shi tun kafin maigida ya yi magana da ƙaninsa. In kuwa jininsa ɗanye ne, hannuwa a ɗaure, an ajiye shi inda manoma za su gani, to saƙo ne aka aiko muku don ku firgita ku biya. Likita ne zai iya ƙiyasta wannan da kyau, don haka in 'yan sanda sun kai gawar asibiti, ƙanin maigida ya nemi jin abin da aka rubuta.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarki ba gawar ba ce, sabuwar lambar nan ce da hana ku jin murya. Wannan na iya zama ɗaya daga cikin abubuwa uku. Ko su ne, suna matsa muku. Ko sun miƙa shi ga wata daba, wanda yakan faru. Ko kuma ɗan damfara ne da ya ji labarin a gari, ya samo lambar ƙanin maigida, yana son ya riga masu garkuwar karɓar kuɗin. Hanyar bambancewa ɗaya ce, shaidar cewa yana raye a yau. Mafi ƙarfi a ba shi waya ya yi magana kai tsaye, a yi masa tambaya ya amsa. In sun ce yana nesa da inda ake samun sabis, a ba su tambayar da shi kaɗai ya san amsarta su kai masa su dawo da ita. Kada ta zama sunan 'ya'yansa ko na mahaifiyarsa, duk unguwa ta san wannan. Ta zama irin abin da ke tsakaninki da shi: me ya ce zai sayo miki a tafiyar nan, wa ya ranta wa kuɗi a asirce da azumin bara. Ki rubuta irin waɗannan guda biyar ko shida yau, kowace a yi amfani da ita sau ɗaya tak. Muryar da aka naɗa ko hoto ba su isa ba, domin ana iya ɗaukarsu tun ranar farko, yanzu kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. A maimaita wannan gwaji kafin duk wani mataki babba. A Kano, wata yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Disambar 2021, mai makarantarsu ne ya ɗauke ta, ya nemi naira miliyan 6, aka gano gawarta a Janairun 2022, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin shekarar. Neman kuɗi kaɗai ba ya nuna mutum na raye.

Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da su, kuma ba ke ba. Kukanki makami ne a hannunsu. A zaɓi mai sanyin rai wanda ba ya zagi, ba ya alkawarin abin da babu. Wayarsa ta kasance da caji da kati dare da rana, a bar layin a sake, 'yan jaje su kira wata lambar. A tanadi littafi guda: ranar kira, lokaci, lamba, tsawon magana, harshen da mai kiran ya yi, abin da aka ji a bayansa kamar kukan shanu ko ƙarar babur ko kiran salla. A naɗi kowane kira in wayar tana yi. In maigida yana shan maganin hawan jini ko ciwon suga, a faɗa musu sunan maganin da yadda yake sha. Wa'adin kwana biyu da suka bayar kada a yi masa gatsali, kada kuma a ɗauke shi kamar yankan wuƙa; mai magana ya ce ana ƙoƙari, amma dangi ba za su saki komai ba sai sun ji shi. Shirun kwanaki ma ba alamar mutuwa ba ne. Sabis a daji sai an hau tudu, suna sauya sansani in sojoji sun matso, wani lokaci gwamnati ce ke rufe layuka kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021.

Tunda an yi kisa, maganar ta riga ta shiga hannun hukuma ko kun so ko ba ku so ba. Ku kai rahoto caji ofis, ku nemi a miƙa ta sashen yaƙi da garkuwa da mutane na rundunar jiha, ku sanar da ofishin hukumar tsaro ta farin kaya (DSS), ku karɓi suna da lambar jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Ku tafi da lambobin da aka kira ku da su, hoton maigida na kwanan nan, da kwalin wayarsa in yana nan, domin lambar IMEI mai alƙaluma 15 tana jikinsa, da ita ake bin waya ko an sauya layi. Kada kowa ya je kamfanin waya ya sake ciro layin maigida, yin haka zai kashe wanda ke hannunsu, ya yanke hanyar da kuka tabbatar tasu ce. Asusun bankinsa ma a yi shawara da jami'in kafin a rufe, domin duk kuɗin da aka tura daga ciki yana barin sawu. Kada a sa lambar asusu a Facebook ana neman taimako: su ma suna gani, farashi ya tashi, 'yan damfara su ƙaru. Batun biya kuwa, hukuma tana hana shi, Majalisar Dattawa ma ta amince a Afrilun 2022 da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biya, don haka ku ji ta bakin lauya. Ku kuma sani ana riƙe wanda ya kai kuɗi, ana karɓa a ce saura babura.

Takaba ba a shiga ta da zato. A mazhabar Malikiyya wanda ke tsare a hannun maƙiya rayayye ne a hukunci har mutuwarsa ta tabbata. Wanda ya ɓace babu labari kuwa, sai matar ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda wata huɗu da kwana goma. Dokar shaida ta Najeriya ma sai an shekara bakwai ba labari kotu ke ɗaukar mutum ya mutu. Ba a raba gadonsa, kuma ke matar aure ce. Rashin barcin in ya wuce mako, ko kin daina cin abinci, ki ga likita, kada ki sayi maganin barci a kemis. Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: an kama baba, ana ƙoƙarin dawo da shi.

TAMBAYA: An sace yayana, an kashe maƙwabcinsa a daren. Muna zargin wani ɗan unguwa ne infoma, matasa na son su kama shi. Ya za a yi?
Wani mai karatu, jihar Zamfara

AMSA: Malam, ka tare matasan nan tun kafin dare. In zargin gaskiya ne, taɓa shi zai kai ga kunnen waɗanda ke riƙe da yayanka cikin sa'a guda, kuma wanda aka yi garkuwa da shi yana cikin haɗari mafi girma a lokacin da masu laifi suka ji asirinsu zai tonu. In zargin ƙarya ne, kun ɗauki alhakin rai kun buɗe gabar da za ta daɗe. Ka rubuta abin da aka gani da ido daban da abin da aka ji a majalisa: wa ya san yayanka zai kwana gida ranar, wa ya san ya karɓi kuɗi, me masu kiran suka faɗa wanda na gida ne kawai zai sani. Ka kai wa jami'in da ke bincike kai kaɗai, shi ke da ikon neman bayanan kiran waya. Daga yau kuma maganar ciniki ta tsaya tsakanin mutum biyu ko uku, domin in akwai mai kai rahoto, a zauren 'yan jaje yake zama.

TAMBAYA: An ce mu je mutuware mu duba wata gawa da ta lalace, ko ɗanmu ne da aka sace. Ta yaya za mu tabbatar?
Wata uwa, jihar Kaduna

AMSA: Allah Ya sa ba shi ba ne, Mama. Kada ki je da kanki, a tura maza biyu da suka san jikinsa. Kafin su fita a zauna a rubuta alamominsa: tsayi, tsagar fuska in yana da ita, tabon ƙuna ko na tiyata, wushirya, haƙorin da ya fita ko ya karye, tsohuwar karaya. A rubuta tukuna sannan a duba, domin mai firgici yakan ga abin da yake tsoro. Riga, takalmi ko katin shaida ba su wadatar ba, masu garkuwa suna tuɓe kayan wani su sa wa wani. Haƙori da ƙashi sun fi fata daɗewa, su za a roƙi likita ya duba. In an rasa tabbas, a nemi likita ya ɗebi samfuri kafin a binne don gwajin DNA, a gwada da naki ko na mahaifinsa. Burushin haƙorinsa, matajinsa ko hular da bai wanke ba a sa su a ambulan ta takarda, ba leda ba, domin danshi yana ɓata su. In dole ta sa a binne kafin sakamako ya fito, a ɗauki hotuna, a sa wa kabarin alama, a rubuta ranar da wurin a gaban jami'in ɗan sanda.