Tambayoyi da Amsoshi: Yaya ake ƙera kayan fasaha da ba za su ƙare a bola da wuri ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyancin lantarki, ina shekarar ƙarshe. Malaminmu ya ce kowa ya kawo tsarin wani kayan fasaha na amfanin yau da kullum wanda ba zai cutar da muhalli ba. Abokaina duk sun tafi kan murfin waya na gora ko na robar da aka sake narkawa. Ni ban gamsu ba. Ta ina zan fara? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi daidai da ba ka gamsu ba. Murfin gora ba laifi ba ne, amma ɓarnar ba a murfi take ba. Mafi yawan gurɓatar da waya ke jawowa an riga an yi ta tun kafin ta iso hannunka, wajen haƙo ma'adinai da ƙera sassan cikinta. Wutar da kake cajinta da ita kaɗan ce a lissafin. Kobalt ɗin da ake sa wa batir, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Saboda haka wayar da ta yi shekara shida a hannun mai ita, maimakon uku, ta hana a ƙera wata sabuwa ɗungurungum. Babu murfin da zai yi wannan aikin.

Kafin ka zana komai, ka je ka wuni a shagon mai gyaran waya, a nan Zariya ko a kasuwar Farm Center ta Kano. Ka riƙe biro ka rubuta abin da ya kawo kowace waya. Za ka ga abu uku ne ke ta maimaituwa: batir ya mutu ko ya kumbura, gilashi ya fashe, bakin caji ya cika da ƙura ko ya saki. Sau da yawa fanel, wato babban allon da ke cikin wayar wanda sassanta ke haɗe a kai, lafiyarsa ƙalau. Sannan ka lura da wahalar da mai gyaran ke sha kafin ya kai ga batirin: sai ya gasa bayan wayar gam ɗin ya narke, ya ɓamɓare a hankali yana fargabar kada gilashi ya tsage. Wannan wahalar a teburin zane aka haife ta, ranar da wani ya zaɓi gam maimakon sukuru.

Akwai masu bin wata hanya. Kamfanin Fairphone, wanda aka kafa a Amstadam ta ƙasar Holan a 2013, yana ƙera waya da mai ita zai kwance da ƙaramar sukudireba ya canza gilashi ko kyamara ko bakin caji. A ɓangaren kwamfutar cinya akwai Framework na Amurka, wanda ya fito da ta farko a 2021 a kan wannan tunani. Suna da tsada, kuma ba kasafai ake ganinsu a kasuwanninmu ba, amma tsarinsu abin nazari ne.

Waya ta fi ƙarfin aikin ɗalibi ɗaya. Da ni ne kai, fitila mai caji zan ɗauka. Kusan kowane gida da shago da teburin mai shayi akwai ta, kuma da wuya masu arhar nan su ga shekara. Ka buɗe matacciya guda ka duba. Galibi za ka tarar da ɗan ƙaramin batirin dalma, ba tare da wani abin da zai yanke caji idan ya cika ba, ko ya kashe fitilar kafin batirin ya ƙare tas. To batirin dalma ba ya jure a riƙa tsotse shi har ƙasa, ba ya kuma jure a bar shi a wuta dare da rana. Ƙwayayen fitilar suna nan da ransu, amma duka ake jefarwa, dalmar kuma ta tafi bola inda yara ke tone-tone. Wannan yana damuna ƙwarai, domin dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

A taka fitilar, ka sa batirin litiyom mai lamba 18650 a cikin gida da ake zarewa da hannu, ko kuma nau'in LiFePO4 wanda ya fi jure zafi kuma yake ɗaukar caji sau dubbai. Dole ne ka haɗa da'irar kariya, domin litiyom ba tare da ita ba yana iya kama wuta. Bakin cajin ya zama USB-C a kan ɗan ƙaramin allo na daban da ake cirewa, yadda cajar waya ko ƙaramin faifan sola zai iya cika ta. A rufe jikinta da sukuru irin wanda kowa ke da abin kwance shi, makunnin kuma a yi masa roba saboda ƙurar hunturu. Ka buga zanen haɗin wayoyin a cikin murfi, mai gyara na ƙauye ya buɗe ya gane ba sai ya tambayi kowa ba. Za ta fi ta kasuwa tsada, kada ka ɓoye wa malaminka wannan. Ka lissafa masa kuɗin fitilu nawa gida ɗaya ke saye a shekara biyar, ka ajiye kusa da kuɗin taka haɗe da canjin batir sau ɗaya.

Tambaya: Wayata ta shekara biyu da rabi, yanzu kafin azahar caji ya ƙare. 'Ya'yana sun ce in sayi sabuwa. Da ita nake cinikin atamfa ta WhatsApp. Me ka gani? (Wata 'yar kasuwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, idan matsalar caji ce kawai, ki canza batir. Batirin waya abu ne mai ƙarewa kamar tayar mota, kuma ba a sayar da mota don taya ta suɗe. Ki nemi amintaccen mai gyara, ki ce ya sa mai kyau ko da ya ɗan fi tsada. Idan kin ga bayan wayar ya ɗago, batirin ya kumbura ke nan, ki daina cajinta har a canza.

Babban abokin gabar batir a ƙasarmu zafi ne. Kada a yi caji a ƙarƙashin matashin kai, ko a gaban gilashin mota da rana tsaka. Idan wayar na da tsarin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, ki kunna shi.

Abin da zai sa in ce ki canza waya shi ne idan kamfanin ya daina aiko da sabunta manhajar tsaro, musamman in kina harkar banki da ita. Ranar da za ki sayi wata, ki tambayi shekara nawa aka yi alkawarin sabuntawa. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi haka ga Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai kuma, tun daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta cewa batirin sabuwar waya ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji 800, kuma a samar da kayan gyara na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma ina ganin ya kamata hukumominmu su nemi irin wannan daga masu shigo mana da waya.

Tambaya: Me ya sa yanzu kusan duk wayoyi bakin cajinsu ɗaya? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Malam, kamfanonin Android sun daɗe da komawa USB-C, sannan Tarayyar Turai ta mayar da shi dole daga 28 ga Disambar 2024, shi ya sa Apple ma ya bi tun daga iPhone 15 a 2023. Caja ɗaya mai kyau ta ishi gida. Sai dai baki ɗaya ba ya nufin inganci ɗaya, jabun caja na kashe batir da fanel.

Tambaya: An ce Windows 10 ta ƙare, kuma kwamfutata ta ƙi karɓar Windows 11. Shin in ba 'yan gwangwan? (Wani malamin makaranta daga Bauci)

Amsa: A'a, Malam, kada ka yi gaggawa. Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba. Wannan sharaɗin manhaja ne, kwamfutarka ba ta lalace ba. Ka sa mata Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ne, kuma za ka yi rubutu da lissafin jarrabawa da LibreOffice. Idan tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka sauya shi da SSD, ma'ajiyar bayanai marar juyawa mai sauri, za ka ga ta farfaɗo. Ka kwashe fayilolinka a wani wuri tukuna.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa yadda ya dace. Sauran da yawa a wurare irin jujin Agbogbloshie na Akara ta ƙasar Gana yake ƙarewa, inda matasa suka yi shekaru suna ƙona wayoyin wuta don ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin, kafin a rushe wurin a 2021. Idan ranar rabuwa da kwamfutar ta zo, ka cire faifanta ka ajiye saboda bayanan ɗalibanka, ka kai sauran wurin mai gyara ya ciri allo da madannai da ƙwaƙwalwa ya raya wata da su. Batirin kuma kada a fasa shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta.