Itacen bilak lokas: dirkar shinge ko itacen girki?

Malam, ka ce ka sami gumagumen bilak lokas (black locust, wani itace mai tauri) a gonarka da ke Amurka, kana tambaya ko ka yi dirkokin shinge da su ko ka faskara na wuta. Ka yi duka biyun, amma ka fara ware miƙaƙƙu masu kauri domin shinge, domin asara ce a ƙone su. Zuciyar wannan itace ba ta ruɓewa da wuri, kamar ƙirya take a wajenmu. Dirka mai kyau takan haura shekara 20 a cikin ƙasa ba tare da an shafa mata wani magani ba. Karkatattu da guntaye su ne na murhu.

Sharaɗin da nake jaddadawa shi ne ka ɓare ɓawon kafin ka kafa. Ƙarƙashinsa danshi ke maƙalewa, farin ɓangaren nan na waje ya fara rugurgujewa, dirka ta riƙa girgiɗi a rami. Idan itacen ya bushe kuma ƙusa lanƙwashewa take yi a jikinsa, sai ka fara hudawa da na'ura. In kana da dawaki, don Allah ka kwashe ɓawon nesa da su, yana da guba. Na wutar kuwa ka faskara shi tun yana ɗanye, ka bar shi ya shekara. Yana da wuyar kamawa, sai da ƙirare, amma garwashinsa yakan kwana da zafi.